Yadda ake gane ƙishin shuka da yadda ake riƙe gona idan ruwa ya ɗauke

Wannan bayanin na sabbin manoma ne, musamman matasan da suka shigo noma kwanan nan, waɗanda da ruwa ya ɗauke kwana goma sai hankali ya tashi a fara tambayar wane magani za a fesa. Babu maganin fari a shago, kada wani ya ci kuɗinka. Abin da ke akwai shi ne ka iya karanta shukarka ka san yaushe take kare kanta ne kawai, yaushe kuma take mutuwa da gaske, sai ka san abin da za ka yi da wanda za ka bari. Yawancin ɓarnar da nake gani a gonakin sabbin shiga ba farin ne kaɗai ke yinta ba, taimakon da mai gona ya kai ba a kan lokaci ba ne.

Kayan da za ka tanada

Fartanya ko hauya, da diga idan ƙasarka fako ce. Gwangwani mai miƙaƙƙen baki, irin babban gwangwanin tumatir, da rula ta 'yan makaranta, na auna ruwan sama. Abin rufe ƙasa, ko wanne ka samu: karan dawa ko na gero, busasshiyar ciyawa wadda ba ta da 'ya'ya, ƙaiƙayi, buntun shinkafa, ɓawon gyaɗa. Takin gida wanda ya ruɓe sosai. Idan lambu ne ko 'yar gonar bayan gida, ka ƙara da tulu na ƙasa wanda ba a shafa masa fenti ko siminti ba, ko robar lemo ta lita ɗaya da rabi, da ƙusa, da bokiti. Sai kofin gilas da wuƙa mai kaifi, za ka ga amfaninsu a mataki na 2. Sai ɗan littafi da biro, ko wayarka, don rubuta ranar da aka yi ruwa da yawansa, don ƙwaƙwalwa tana ƙarya a kan wannan, mutum sai ya rantse wata guda ba a yi ruwa ba alhali kwana 12 ne.

Ɗan abin da ya kamata ka sani kafin ka taɓa komai

A jikin ganye, musamman ta ƙarƙashinsa, akwai 'yan ƙofofi da ido ba ya gani. Ta nan iska ke shiga shuka ta haɗa abincinta da hasken rana, ta nan kuma ruwa ke fita. Fiye da kashi 90 cikin 100 na ruwan da saiwa ta zuƙo ta nan yake tafiya sama, kaɗan ne ke zama a jikinta. Da ƙasa ta fara bushewa sai shukar ta saki wani sinadari da ke rufe waɗannan ƙofofin. To ka ga ta tsare ruwanta, amma kuma iskar abinci ba ta shiga, ta zama kamar mai azumi, tana nan da ranta amma ba ta ƙara ƙiba. Shi ya sa gona ke tsayawa cak lokacin fari, sati biyu tsawonta ɗaya. Sannan ɗan abincin da ya rage tana tura shi ƙasa ne, saiwa ta ƙara nutsewa neman danshi, sama kuwa a dakata. Idan abin ya ƙara tsanani sai ta fara sadaukar da tsofaffin ganye na ƙasa, sannan fure, sannan 'ya'ya. Wannan jerin ka riƙe shi, shi ne duk ilimin da kake buƙata.

1. Ka je gonar sau biyu, da rana tsaka da kuma asuba

Kuskuren farko kenan, mutum ya je gona ƙarfe biyu na rana ya ga masara ta nannaɗe ganye ta tsaya tsirin-tsirin ya ce shikenan ta tafi. Naɗewar rana dabara ce, tana rage faɗin da rana ke duka ne. Hukunci ba a yanke shi sai da sassafe bayan an idar da sallar asuba kafin rana ta ɗaga. Idan ganyen ya warware cikin dare ya buɗe, shukar tana da sauran ƙarfi, akwai danshi a ƙasa da take kaiwa gare shi. Idan kuwa da asubar ma a naɗe ka same ta, launin ya koma toka-toka, to yanzu ne aka shiga matsala.

Kowace shuka da irin nata. Masara ita ce mai saurin kuka, kuma ita ce ba ta da haƙuri. Dawa tana naɗe ganye ita ma amma duba jikin karanta, wannan farin garin da ke gogewa a yatsa kitse ne irin na kakin zuma da ke hana ruwa fita ta fata, kuma tana iya tsayawa ta yi kamar ta mutu, ruwa na sauka ta ci gaba daga inda ta tsaya. Gero ya fi kowa a jigawa, saiwarsa na saurin nutsewa, tana wuce mita 1 a ƙasa mai laushi, kuma ko uwar ta lalace 'ya'yan da ke fitowa ta gindi suna iya fid da kai. Wake yana juya ganyensa ya ba rana gefe maimakon fuska, ka tsaya ka duba da azahar za ka ga ganyen a tsaitsaye, in ya matsu ya zubar da wasu. Gyaɗa tana haɗe ganyenta biyu-biyu su rufe. Tumatir da tattasai da kuɓewa su yaushi suke yi kai tsaye, kan ya langaɓe, fure ya zube.

Ka duba zuciyar shukar, wato sabon ganyen da ke tsakiya. Muddin yana kore kuma ka ja shi a hankali bai zare ba, da sauran rai ko da ganyen ƙasa duk sun ƙone.

2. Ka tabbatar ƙishin ne, ba wani abu ba

Tona rami kusa da shuka, zurfin santimita 20 zuwa 30, kada ka tsaya a sama don saman ƙasa ko yaushe a bushe yake. Ɗebo ƙasar ƙasan ka dunƙule a hannu. In ta dunƙulu ta zauna, akwai ruwa. In ta dunƙulu amma kana taɓa ta ta wargaje, ya fara ƙarewa. In ta zube ta tsakanin yatsu ko ta yi tauri ta ƙi dunƙuluwa, babu. A jigawa dunƙulen ba ya ƙarfi ko da ruwa, can sanyin ƙasar da duhunta za ka duba.

Idan ka samu danshi amma shuka na yaushi, to nemi wani dalili. A dawa da gero da masara ƙuduji, wanda wasu ke kira wuta-wuta, yana manne wa saiwa tun kafin ya fito sama, sai shukar ta tsumbure ta yi kamar fari ya kama ta. A tumatir yanke kara ɗaya daga gindi ka tsoma bakin yankan cikin kofin gilas mai ruwa mai tsabta, ka riƙe kada ka motsa, in ka ga wani farin abu kamar zare yana sauka cikin ruwan to ciwon yaushi ne na ƙwayoyin cuta, ruwa ba zai tashe ta ba, ƙara yaɗa shi ma zai yi, tuge ta ka fitar daga lambun. Tugo ɗaya ka duba saiwa, in ta yi ƙulli-ƙulli tsutsar ƙasa ce. Ruwa in ya yi yawa ya kwanta shi ma yana sa yaushi don saiwa ba ta samun iska. A noman rani kuma in ka ga farin ɓawo a bakin kwami, kanwa ko gishiri ne ya taru, shuka na cikin ruwa amma ba ta iya sha.

3. Ka san a wane mataki farin ya same ka

Wannan ne ke gaya maka inda za ka sa ƙarfinka. Fari na kwana goma a kan shuka mai ganye biyar ko shida da ta riga ta kafa saiwa ba abin tsoro ba ne sosai, wani lokacin ma yana tura saiwar ƙasa. Wurare biyu ne masu haɗari, satin farko bayan tsiro, da lokacin fure.

Masara idan furen sama ya fito ana jiran gemu, nan ne ranta yake. Ƙishi yana jinkirta fitowar gemun, garin furen sama kuma ba ya jira, sai ya gama zuba gemu bai fito ba, a ƙarshe ka ɓare goyo ka ga ƙwaya jefi-jefi ko totuwa zalla. 'Yan kwanaki na yaushi a wannan lokacin suna iya cin rabin amfanin. Dawa da gero lokacin da suka yi ciki zuwa fid da kai da bununi. Wake lokacin fure. Gyaɗa lokacin da take soka ƙafa cikin ƙasa, don in ƙasa ta yi tauri ba za ta shiga ba. Saboda haka in kana da ɗan ruwa ko ɗan abin rufe ƙasa da ba zai isa ko'ina ba, wanda ke fure za ka ba, ba wanda ya fi ba ka tausayi ba.

4. Abubuwan da za ka dakatar nan take

Yuriya. Dan Allah a ajiye buhun. Mutum ya ga gona ta yi ɗorawa sai ya ce yunwa ce ya watsa taki a busasshiyar ƙasa, ba ruwan da zai narkar da shi, wani ya bi iska, wanda ya narke da raɓa kuma ya taru a gindi ya ƙara janye ruwa daga saiwa ya ƙona ta. Ɗorawar ma sau da yawa ba rashin taki ba ne, takin na nan shukar ce ba ta da ruwan da za ta ɗauke shi da shi. Takin kamfa, wato NPK, shi ma haka.

Maganin ciyawa na feshi shi ma a dakata, ciyawar da ke jin ƙishi ta rufe ƙofofinta ba ta shan maganin sosai, shukarka kuma da ta raunana ita zai fi bugu. Huɗa da noma mai zurfi a bari, kana juyo danyar ƙasa sama rana ta shanye kana kuma yanke saiwa. Kuma kada ka zage ganyen ƙasa wai don ka rage mata nauyi ko ka kai wa akuya, shukar tana janye abincin da ke cikinsu kafin ta sake su.

Feshin ƙwari kaɗai zan ce a duba, don darɓa tana son fari, tana taruwa a kan wake da gyaɗa, tsutsar nan ta masara da ta shigo Najeriya a 2016 ita ma ta fi ɓarna a shukar da ta tsaya ba ta girma. In dole ne, da yamma liƙis ko da sassafe, ba da rana ba.

5. Rage masu sha

Ciyawa tana shan ruwan da shukarka ke nema, kuma ta fi ta iya nema. Cire ta da hannu ko ka karce saman ƙasa sama-sama da fartanya, zurfin yatsa biyu ya isa, ka bar ciyawar nan kwance ta bushe a kan kunya in ba mai sake kamawa ba ce. Wannan karcewar tana fasa ɓawon da ƙasa ke yi, ranar da ruwa ya dawo sai ya shiga maimakon ya gudu.

Sai rage shuka. Na san yana da ciwo, amma rami ɗaya mai gero goma duk za su tsumbure ne tare. Bar 2 ko 3 masu ƙarfi a gero, 2 a dawa, 1 ko 2 a masara. Da ƙasa na da danshi ake tugewa, in ta riga ta bushe kada ka tuge don za ka girgiza saiwar na kusa, yanke su da wuƙa daga gindi. Wanda ka yanke na dawa kada ya je bakin dabba, zan zo kan wannan.

6. Rufe ƙasa

Wannan shi ne aikin da ya fi kowanne biya a tsakiyar fari. Sa hannunka a kan ƙasar da rana ke duka da azahar, sannan ka cusa shi ƙarƙashin tarin kara da ke gefe, bambancin ba sai an yi maka bayani ba. Shimfiɗa abin rufewar kaurin santimita 5 zuwa 10 tsakanin layuka, ka bar ɗan fili kamar yatsa uku kewaye da karan shukar don kada ya ruɓe ko gara ta hau. In za ka yi ban ruwa fara ba da ruwan sannan ka rufe, rufe busasshiyar ƙasa ba ya ƙirƙiro danshi, tsare wanda ke akwai yake yi.

Mutane na tsoron gara. Gaskiya tana zuwa, amma busasshen karan take ci, kuma ramukan da take haƙawa su ke shigar da ruwa ƙasa. Inda za ka yi hattara shi ne gyaɗa da ta kusa nuna da kuma dashen itace ƙanana. Matsalar gaske ita ce samun karan, don a damina an riga an ba dabbobi ko an yi danga ko an ƙona. In babu, sassabo ganyen sabara ko kalgo ko na darbejiya ka shimfiɗa, ko ciyawar bakin hanya kafin ta yi 'ya'ya. A lambu har kwali da tsohon buhun algarara suna aiki. Baƙar leda a zafin nan namu ban ba da shawara ba sai in za ka rufe ta da ciyawa a sama, tana dafa saiwa. Kuma ba wanda zai iya rufe hekta guda, zaɓi ɓangaren da ya fi kyau ka tsare shi.

7. Ban ruwa, ga mai hali

Bari mu yi lissafi don kada ka wahalar da kanka. Ruwan sama milimita 1 daidai yake da lita 1 a kan fili mita ɗaya tsawo mita ɗaya faɗi. Ruwa mai kyau na milimita 20 a hekta guda lita 200,000 kenan, jarka mai lita 25 har 8,000. Ka ga babbar gona ba a ceto ta da jarka, sai inji da rijiya ko kogi. Jarka ta lambu ce da gonar bayan gida da wurin da ka ware na iri.

Ƙa'idar ita ce a ba da yawa a jima ba a ba ba, maimakon yayyafi kullum. Yayyafin kullum saman ƙasa kawai yake jiƙawa, saiwa ta taso sama tana jira, ranar da ka yi fashi rana ɗaya ta kwanta. Zuba a gindi a hankali har ya nutse santimita 20 ko fiye, ka tona gefe ka gani da idonka, da sassafe ko bayan la'asar. Jigawa ba ta riƙe ruwa, ita kam a rage yawa a ƙara kusanta kwanakin, laka kuma akasin haka.

Dabarar tulu: cika shi da ruwa ka ajiye a inuwa, in bayansa ya yi gumi to zai yi aiki. Haƙa rami ka binne shi har wuya, ka cakuɗa ƙasar kewaye da ruɓaɓɓen taki ka danna ta manne da jikinsa, cika da ruwa ka rufe baki da murfi saboda sauro da ƙasa. Dasa tumatir ko barkono ko kankana 3 zuwa 4 kewaye da shi, tazarar tafin hannu ɗaya ko biyu. Ƙasa in ta bushe tana jan ruwa ta jikin tulun, in ta jiƙe ta daina, saiwa kuma ta zo ta lulluɓe shi. Ka riƙa leƙawa, ya kai rabi ka cika. Ruwa mai laka yana toshe shi, bar shi ya kwanta tukuna. In babu tulu, huda robar lemo da ƙusa mai zafi wuri 3 ko 4 a ƙasanta ka binne kusa da gindi, ka sassauta murfin kaɗan, bai kai tulu ba don ita ba ta san ƙasa ta ƙoshi ba amma ta fi zubawa a sama.

Masu tumatir ku kula, ƙishi yau ambaliya gobe shi ke sa gindin tumatir ya yi baƙi ya lotsa, shi ke sa kuma ya tsage. Ba ciwo ba ne da za a fesa wa magani, daidaita ban ruwan ne maganinsa. Ruwan wanke-wanke da na alwala ana iya ba itace, amma mai omo da yawa ko bilic a'a.

8. Ranar da ruwa ya dawo

Kada ka yi gaggawa. Duba gwangwaninka, in bai kai milimita 15 zuwa 20 ba ƙura kawai ya kashe. Ba gonar kwana 3 zuwa 4, sannan ka bi layi kana duba zuciya. Dawa da gero za su ba ka mamaki. In mafi yawan ramuka sun farfaɗo, cike gurbin kawai za ka yi, dawa da gero ma suna karɓar dashe, ka ciro daga ramin da suka yi yawa ka rage ganyen ka dasa da yamma. In fiye da rabi ya tafi, lissafa kwanakin da suka rage wa damina a yankinku kafin ka sake shuka, kada ka maimaita masara mai kwana 120 a ƙarshen Yuli a Katsina ko Maraɗi, sa wake mai kwana 60 zuwa 70 ko gero mai saurin nuna ko riɗi.

Taki sai ƙasa ta jiƙe sosai kuma sabon ganye ya fara fitowa. Kaɗan-kaɗan, a tona gefe kamar yatsa huɗu daga gindi a zuba a rufe. Cikin murfin kwalbar lemo na kamfa, wajen giram 6, a rami guda, shi ne awon da cibiyar binciken noma ta ICRISAT da ke Sadore kusa da Yamai ta yaɗa wa manoman gero, kuma ya fi watsawa nesa ba kusa ba ga mai ƙaramin ƙarfi.

Gargaɗi biyu da ba na wasa ba. Dawa ƙarama da fari ya tsumbure, da gyauronta da ke tohowa bayan ruwa, tana tara guba a ganye da ke iya kashe saniya ko tunkiya cikin ɗan lokaci. Makiyaya sun san wannan, sabon manomi ne ba ya sani, sai ya ce tunda gonar ta lalace bari dabbobi su mora. In za a ba su, a yanke a shanya ta bushe sarai tukuna. Na biyu gyaɗa da masara da fari ya kama a ƙarshen damina sun fi saurin kamuwa da fumfunar nan mai dafi da ke lalata hanta, saboda haka a cire da wuri, a busar sosai ba a kan ƙasa tsirara ba, a tsince masu baƙi da waɗanda suka motse, kada a ce za a yi ƙuli da su ko a ba kaji.

9. Aikin rani, wanda shi ne ainihin maganin

Duk abin da na faɗa a sama rage asara ne. Gonar da ke tsallake fari tun bazara ake shirya ta.

Tassa. In kana da fako, ƙasar nan mai tauri da ruwa ke gudu a kai, haƙa ramuka tun rani, faɗi santimita 20 zuwa 30, zurfi 15 zuwa 20, tazara wajen santimita 80 zuwa mita 1, layi na biyu ya faɗa tsakanin ramukan layin farko don ruwan da ya kuɓuce wa wannan ya faɗa wancan. Ƙasar da ka fitar ka tara ta ta ɓangaren gangare, ba ta inda ruwa ke zuwa ba, nan mutane ke juyawa su toshe wa kansu ruwa. Zuba ruɓaɓɓen taki cikin hannu biyu a kowane rami ka ɗan rufe da ƙasa. Gara za ta zo ta huda ƙasan ramin, iska ta tara ganye a ciki, ruwan farko mai ƙarfi ya sauka sai ka shuka. A tazarar mita 1 rami 10,000 ne a hekta, aiki ne mai cin ƙarfi, kada ka ce za ka gama a shekara ɗaya, kuma ramin yana yin shekara biyu zuwa uku ana ƙara masa taki. Manoman Illela a jihar Tawa ta Nijar sun farfaɗo da filaye masu yawa da shi bayan wasunsu sun je Yatenga a Burkina Faso sun gani a ƙarshen shekarun 1980, can ne yankin marigayi Yacouba Sawadogo, manomin da ya yi suna a kan wannan aiki. Amma a rairayi zalla ramin rushewa yake, a kwari mai kwanciyar ruwa kuma shuka za ta nutse, ba wurinsa ba ne.

Rabin wata, wato rami mai siffar rabin da'ira, shi ma haka yake sai dai babba ne, faɗin mita 2 zuwa 4, bakinsa na kallon inda ruwa ke gangarowa. Mai huɗa da shanu kuma ya yi kunyarsa a gicciye da gangare, ya riƙa ɗaure kwarin kunya da 'yar ƙasa duk bayan mita 2, ɗaurin ya ɗan gaza kunyar tsawo don in ruwa ya yi yawa ya tsallake ta kwari ba ya fasa kunya ba. Takin gida kuwa ko nawa ka samu kai, ƙasar da ke da shi ta fi riƙe danshi, tsallaken sati guda za ka ga bambanci tsakanin inda aka zuba da inda ba a zuba ba.

Itace. Kada ka tumɓuke kututturen da ke toho a gona, zaɓi rassa 2 ko 3 masu ƙarfi ka sassabe sauran, shi ne sassabin zamani da ya bazu daga Maraɗi tun shekarun 1980 har ya kai miliyoyin hekta a Maraɗi da Damagaram. Gawo ya fi kowa, yana zubar da ganye da damina ya bar wa gero rana, ya yi ganye da rani. Sabara da kalgo da muke rainawa, bincike a Senegal ya nuna saiwar sabara na jawo ruwa daga can ƙasa cikin dare ta saki wani a sama, geron da ke kusa ya samu. Sare su ƙasa-ƙasa farkon damina ka shimfiɗa ganyen, amma bar saiwar.

Iri. Nemi mai saurin nuna daga wurin da aka sani, gero irin SOSAT ko HKP a Nijar, masara da wake da dawa na cibiyar binciken noma ta Samaru a Zariya masu suna SAMMAZ da SAMPEA da SAMSORG, ka tambayi malamin gona wane lamba ne ya dace da yankinku don ba duka ne masu jure fari ba. Kada ka zuba gona duka a abu ɗaya, gero da wake ko dawa da wake tsohuwar dabara ce kuma har yau ba a kayar da ita ba. Ka saurari hasashen da NiMet, hukumar kula da yanayi ta Najeriya, ke fitarwa farkon shekara, suna faɗin lokacin faɗuwar damina da inda ake tsammanin ɗaukewar ruwa, hasashe ne dai amma ya fi babu.

Ruwan farko kuma ba shi ne ruwan shuka ba. Jira a samu kamar milimita 20 cikin kwana biyu ko uku, ka tona ka ga danshi ya kai tsawon tafin hannu. In za ka shuka a jiƙaƙƙiyar ƙasa kana iya jiƙa irin ya kwana, gero da dawa awa 8 zuwa 10, masara awa 12 zuwa 16, ka tsane shi a inuwa ka shuka a ranar, yana fitowa da wuri. Amma irin da aka jiƙa ba a yin binne da shi, in ka sa shi a busasshiyar ƙasa ya riga ya farka zai mutu. Binne da busasshen iri ake yi, kuma gero ne ya fi ɗaukarsa.

Masu renon tumatir da tattasai da albasa, sati guda kafin dashe ku rage musu ruwa a hankali ku janye rumfar, su ɗan sha wuya kaɗan karan ya yi ƙwari, amma kada a bari su kwanta. Daren dashe a ba su ruwa sosai don a ciro su da ƙasarsu, a dasa bayan la'asar, a ba ruwa nan take, a kafa musu ɗan ganye ko kara ta yamma na kwana 2 zuwa 3 har su miƙe.